Alamar da Ta Ƙi Goguwa

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtua da Malumfashi, ba buhunan masara da waken suya kaɗai ke yawaita ba, har da takardu. Kuɗi sun shigo hannu, sai a shiga cinikin gona, a fanshi wadda aka jinginar, a raba gado, a buga katin ɗaurin aure. Ƙungiyoyin manoma su ma a lokacin suke sabunta jerin sunayen mambobinsu kafin a fara noman rani. Duk wannan hidima a ɗan shagon buga takardu take ƙarewa, inda matashi ke zaune gaban kwamfuta, janareto na ruri a bakin ƙofa, masu jira na kan benci.

Yankin nan ya daɗe da sanin darajar takarda. Tun da layin dogo ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, manominmu ya saba da malamin awo da takardar fuloti. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ya ƙara masa sabo da fom da rajista. Saboda haka dattijon da ya taso daga Bakori ko Ƙafur ko Ɗandume don a buga masa yarjejeniya ya san abin da ya kawo shi. Ko da bai yi boko ba, yana zuba ido a kan gilashin kwamfutar, kuma duk abin da ya gani wanda bai yi kama da harafi ba sai ya tambaya.

“Yaro, wannan kuma mene ne a ƙarshen layi?”

“Baba, bari in cire shi.”

A nan ake yin cirko-cirko. A danna Delete, alamar tana nan. A danna Backspace, sai ta cinye harafin da ke bayanta, ita kuwa ko gezau. A haskaka shafin gaba ɗaya a share, komai ya tafi, ita kaɗai ta rage a kusurwar sama tana kallon mutum. Daga nan sai a ce bairos ne, ko a ce filashin da aka kawo ne ya zo da ciwo. Amma ruwa ba ya tsami banza. Duk alamar da ta ƙi goguwa a manhajar Word tana da suna, tana da aiki, tana kuma da dalilin taurin kanta.

Wadda aka fi cin karo da ita ita ce ¶, mai kama da harafin P da ya juya baya ya tsaya da ƙafa biyu. Alamar ƙarshen sakin layi ce. Duk lokacin da aka danna Enter ana dasa guda, ana ganinta ko ba a gani. Takan bayyana ne idan hannu ya taɓa maɓallinta da ke saman shafi, ko an haɗa Ctrl da Shift da 8 ba da niyya ba. Sai takarda ta cika da abubuwa: ɗigo a tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta, 'yan kibiyoyi a inda aka tura rubutu gaba, ita kuma ¶ a gindin kowane sakin layi. Ba ɗayansu da zai fito a firinta. Da an sake danna maɓallan nan uku, sai su koma ɓoye.

Ɓuya dai suke yi, ba tafiya ba, kuma a nan ilimin yake. Mu muna kallon takarda a matsayin kalmomi a jere. Word kuwa, tun fitowarta a 1983, kallon gida take yi mata: haruffa a cikin sakin layi, sakin layi a cikin sashe, sashe a cikin takarda. A cikin wannan 'yar alama take ajiye duk umarnin da ya shafi sakin layin da ta rufe: a tsakiya zai zauna ko a gefe, nawa ne tazararsa da na ƙasa, yana ɗauke da lamba ko babu. Ta ƙarshe kuwa, wadda ke can gindin takarda, ita ke riƙe da faɗin gefen shafi da girman takardar da abin da ke rubuce a goshinta. Shi ya sa ba ta goguwa ko an kwana ana dannawa. In babu ita, ba wurin da ɗan layin nan mai ƙyaftawa zai tsaya ya jira harafin farko.

Manomi ya fi kowa saurin gane wannan. A tsakanin gona da gona akan bar jerin gamba ko bini-da-zugu. Ba a shuka shi don a ci ba, ba a auna shi a tiya, ba ya shiga lissafin amfanin shekara. Amma ranar da ɗan ƙwadago ya ɗauke shi ciyawa ya sassabe, ranar za a kwana a ƙofar mai unguwa, domin gona biyu sun zama ɗaya. Haka abin yake idan aka goge ¶ da ke tsakanin sakin layi biyu: sai su haɗe, ɗaya ya ɗauki kamannin ɗaya, kan magana ya koma kamar sauran rubutu, ko sauran rubutu ya kumbura ya zama kan magana. Mai bugawa ya riƙe baki yana cewa takarda ta hargitse da kanta, alhali iyaka ya tuge.

Sauran alamomin ma 'yan gida ɗaya ne. Sakataren ƙungiya ya kawo jerin sunaye a jadawali: suna, ƙauye, yawan kadada, lambar waya. Jadawalin ya cika shafi taf, sai ga wani farin shafi ya biyo baya, ba komai a kansa, ya kuma ƙi fita. A shagon da ake biyan kuɗi shafi-shafi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dalili shi ne Word ba ta yarda takarda ta ƙare da jadawali, dole sai sakin layi ya biyo shi ko da fanko ne, in kuwa bai sami wuri ba sai ya tsallaka sabon shafi. Maganinsa a bayyana alamomin, a haskaka ¶ ɗin da ke zaune ita kaɗai, a mai da girman harafinta 1, a cire tazarar sama da ƙasa. Sai ta matse ta koma gindin jadawalin, farin shafin ya ɓace. A cikin kowane gurbi na jadawalin kuma akwai wata, ¤, 'yar da'ira mai ƙahoni huɗu. Ita ce ƙarshen gurbi, ba ta fita sai an rushe gurbin kansa. Don haka ne in an haskaka jadawali aka danna Delete rubutun ciki kaɗai ke tafiya, ginin na nan. Backspace ne ke kwashe shi ɗungurungum.

Akwai kuma layin sa hannu, wanda ya sha wahalar da masu buga yarjejeniya. Ana son a ja layin da mai sayarwa da mai saye da shaidu za su sa hannu ko su dangwala, sai a jera karan ɗori uku ko fiye a danna Enter. Nan take Word ta mai da su dogon layi daga gefe zuwa gefe. Linzami ba ya kama shi, Delete ba ta ganinsa, in an matsa masa sai ya yi sama ko ƙasa. Abin da ya faru shi ne ya daina zama haruffa, ya zama katangar ƙasa ta sakin layin da ke bisansa. In an farga da wuri, Ctrl da Z na warware shi. In an makara, sai a tsaya a kan sakin layin, a shiga wurin da ake yi wa rubutu iyakoki, a zaɓi babu iyaka. Ɗan baƙin murabba'in da kan tsaya a gefen kan magana shi kuma sanarwa ce cewa an ɗaure wannan layi da na ƙasansa, kada shafi ya raba su. Alamar anga, ƙugiyar da ke tsai da jirgin ruwa, tana nuna sakin layin da aka ɗaure hoto ko tambari a jikinsa. A share sakin layin, hoton ya bi shi. Tambarin da ke kwance dishi-dishi a bayan rubutu kuwa a goshin shafi yake zaune, sai an danna can sama sau biyu ake isa gare shi.

Wanda ya yi karatun allo bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin rubutu bai taɓa zama kalmomi zalla ba. Dubi Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammominmu. Da baƙar tawada ake fara rubuta baƙaƙe, sannan a dawo da ja a yi wasali, a sa ɗigon rawaya a wurin hamza. A ƙarshen kowace aya akwai 'yan da'irori uku a haɗe, a ta biyar a yi kumsa, a ta goma a yi kuri, a gefen shafi kuma a yi zayyanar sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Ba mai karanta waɗannan da baki, amma su ke gaya wa gardi inda yake da inda zai tsaya. Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. To yaya ake gane jerinsu in iska ta watsa su? A can ƙasan shafi marubuci kan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Mai karatu ba ya furta ta sau biyu, tsallake ta yake yi, amma ita ke riƙe da littafin. Aikin da ɗan baƙin murabba'in nan yake yi ke nan a yau.

Ita kanta ¶ tsohuwa ce, ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Marubutan Turai na zamanin rubutun hannu sukan sa harafin C, farkon kalmar Latin mai nufin babi, a inda sabuwar magana ta fara. A hankali aka riƙa ja masa layi a tsaye har ya zama yadda muke ganinsa. Su ma aikinsu hawa biyu ne kamar namu: mai baƙar tawada ya gama ya bar gurbi, mai jar tawada ya biyo ya cike. Da injin ɗab'i ya zo a wajejen 1450, littattafai suka fi ƙarfin masu jar tawada, aka riƙa sayar da su da gurbin a buɗe. Wannan gurbi shi ne 'yar tazarar da har gobe ake bari a farkon sakin layi, wadda malaman firamare ke sa yara su auna da yatsa. Alamar ta bar fuskar takarda ta koma bayan fage, a can kwamfuta ta same ta ta ba ta aiki.

Zuwa nan duk labarin mai daɗi ne, domin alamomin da suka ƙi goguwa ba sa cutar da kowa. Mai cutarwar ita ce wadda ke goguwa da dannawa ɗaya, kuma ita ta fi shafar mai rubutu da Hausa. Ina nufin ɗan akwatin nan, □, da kan tsaya a tsakiyar kalma. An turo rubutu daga waya, ko an ɗauko shi daga wata kwamfutar, ko an kai shi CorelDraw don a ƙawata katin biki da haruffa masu ado, sai ga “□asa” da “□an” da “ha□uri”. Mai bugawa ya ga datti, ya share, ya sa k ko d ko b a gurbin, aiki ya yi kyau a ido. Alhali akwatin cewa yake yi: akwai harafi a nan, na san lambarsa, amma zubin haruffan da ka zaɓa ba shi da hotonsa. Harafin na nan da ransa a ƙarƙashi. Da an sauya zubi zuwa wanda ya san shi, ƙ za ta fito da ƙugiyarta. Sai in ya rikiɗe ya zama alamar tambaya ne za a san ya salwanta a hanya, dole a koma ga asalin rubutun.

Waɗannan haruffa masu ƙugiya ba da sauƙi muka same su ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, babu su. An yi ta fama da ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafi a gefensa, har zuwa shekarun 1930 da aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta kai su birni da ƙauye har ido ya saba. Da tafireta ta shigo ofisoshi, akawu kan buga k ya dawo da biro ya lanƙwasa mata kai. Da kwamfuta ta zo, sai aka koma gidan jiya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera zubin haruffan Hausa, ciki har da wanda ake kira Rabi'at, wasu ma suka yi nasu. Dabarar lokacin ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya. Ta yi amfani ƙwarai, an buga littattafai da jaridu da kundayen digiri da ita. Sai dai in takardar ta je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, aron kan tonu: ƙasa ta koma “}asa” ko “qasa”, ɗaya ta koma “]aya” ko “xaya”, ɓera ya koma “vera”. Har yau ɗalibi kan buɗe tsohon kundi ya tarar da wannan, ya ɗauka takardar ta lalace.

Tsarin Unicode, wanda ya fara aiki a 1991 don bai wa kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ya tanadar wa namu gurbi tun a farkon tafiyar. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuwa 0198 da 018A da 0181. Har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana da tata. A cikin Word, in an rubuta lambar aka haskaka ta aka danna Alt da X, sai harafin ya fito. Haskakawar na da muhimmanci, domin in a ko b ko d na manne da lambar ta baya, manhajar kan haɗa da su a lissafi. Dabarar tana aiki ta ɗaya gefen ma: a tsaya a bayan kowace baƙuwar alama a danna Alt da X, sai ta faɗi lambarta. Wato akwai hanyar da za a tambayi alama sunanta kafin a yanke mata hukunci. Windows na da tsarin madannai na Hausa, wayoyi ma haka, kuma zubi irin su Noto na Google da Charis da Andika suna ɗauke da haruffanmu cif. Kayan aiki sun samu. Abin da ya rage shi ne a koyar.

Wani zai ce ai Bahaushe na gane magana ko babu ƙugiya, tunda haka ake ta rubutu a waya. Gaskiya ne a hira, inda mai magana ke nan za a iya sake tambayarsa. Takardar yarjejeniya kuwa ana rubuta ta ne saboda ranar da masu maganar ba sa nan. Kara daban, ƙara daban, kuma a ƙasar da ake cinikin karan dawa bayan girbi, ake kuma kai ƙara gaban alƙali, duka biyun na iya shiga takarda ɗaya. Haka kafa da ƙafa, bari da ɓari, baki da baƙi. Sunayen mutane da na garuruwa sun fi shiga haɗari, domin jimla ba ta taimakon mai karatu ya canko su. Ɗanja da Ƙanƙara da Ɗandume, in an cire musu ƙugiya, mu da muka san su za mu karanta daidai, amma jikan da ya tashi a Legas ko Abuja yadda ya gani zai furta. A haka sunan gari ke sauya kama a bakin 'ya'yansa.

Abin da nake ganin ya dace a koya wa duk yaron da aka sa a gaban kwamfuta a shagunanmu bai wuce ɗabi'a guda ba: in ka ga abin da ba ka gane ba a takarda, kada sharewa ta zama farkon abin da hannunka zai yi. Bayyana alamomin ɓoye ka ga ginin takardar. Tambayi alamar lambarta. Sauya zubin haruffa ka ga ko akwatin zai buɗe. Matambayi ba ya ɓata. Masu koyar da kwamfuta a Funtua da Malumfashi suna koyar da saurin yatsu da ƙawata shafi, kuma suna kyautawa. Da za su ware ko da yini guda don alamomin da ba a bugawa da haruffan Hausa masu ƙugiya, da sun rage wa ɗalibansu wahalar shekaru, sun kuma rage wa harshen asara.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da nauyi shi ne, a mafi yawan lokuta wanda zai dangwala yatsa a ƙasan takardar ba ya iya karanta ta. Ya faɗi maganarsa da baki, da ƙ ɗinsa da ɗ ɗinsa daram, ya miƙa ta ga yaron da yake kira ɗansa. Daga wannan lokaci maganar ta zama amana a hannun mai bugawa, kamar yadda take amana a hannun malamin da ke rubuta wasiƙa a zaure a zamanin da. Riƙon wannan amana ya haɗa da sanin abin da za a bari a wurinsa ko da bai yi kyau a ido ba, da abin da za a gyara, da karanta wa mai takarda abin da aka buga da babbar murya kafin a kai ga firinta. Takardar gona takan yi shekara talatin a ƙasan adaka kafin a buƙace ta, kuma ranar da aka ɗauko ta, abin da ke rubuce kaɗai alƙali zai karanta.